Kafaɗar Baba da Bugu na Takwas

Jiya da dare, ana gobe za mu shiga situdiyo karon farko a rayuwarmu, na yi wani mafarki. Kafin in ba da shi gara in faɗi abin da na kwanta da shi a rai, don mafarkin bai zo da kayan kansa ba, nawa ya tarar ya kwasa.

Sunana Ilu. Ni ke buga ganga a wata 'yar ƙungiyar kiɗa ta mutum uku a Kano. Tanimu ne a kan jita, Bitrus kuma a kan babbar jita mai kaurin murya da ake ce wa bes. Ba mu da mawaƙi. Abin da muke yi wani reshe ne na kiɗan rok, mu dai kiɗan lissafi muke kiransa, saboda ba ya tafiya takwas-takwas yadda ƙafar mai rawa ta saba. Namu bugu bakwai ne, sai wani ɗan shiru da bai kai bugu guda ba, sai a koma farko. Injiniya Sabo, mai situdiyon, ya ga bidiyonmu a waya ya neme mu da kansa. Ya ce sautin ya shiga ransa, amma da sharaɗi ɗaya: a cike gurbin nan ya zama takwas, don gidajen rediyo da gidajen biki su karɓa. Tanimu ya yarda tun kafin mu sauko daga benen Sabo. Bitrus ya ce wanda ke riƙe da sanda shi zai yanke. Na ce su bar ni zuwa safiya.

Abin da ya hana ni amsawa nan take shi ne bakwai ɗin nan ba nawa ba ne, na Baba ne. Mahaifina, Malam Mati, mai bugun shadda da turkuɗi ne a Kura. Shekara talatin da wani abu ya yi a rumfa ɗaya, yana dukan yadi da sanda a kan gungume har ya yi ƙyalli. Kowa a rumfar ya san kafaɗarsa ta dama tana ciwo, shi ya sa in ya yi bugu bakwai sai ya ɗan dakata. Da wannan sautin na girma. Ya rasu a daminar bara. Ni ne ɗansa na fari, kuma saboda kunyar da ake yi wa ɗan fari bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa zama ya yi hira da ni ba. "Kai" nake a bakinsa, in da baƙi kuma "wancan". Na san al'ada ce, amma sanin bai hana abin ya ci mini rai ba. Bakwai ɗin nan shi kaɗai na gada a wurinsa, kuma a ganina ciwo na gada.

A mafarkin na tsinci kaina a wani gari da hantsi, riƙe da sandunan gangata. Garin ya yi kama da Kano, sai dai titunansa a kishingiɗe suke, kuma ana ruwa. Ruwan daga ƙasa yake fitowa yana hawa sama, don haka mutane suna tafiya da lema a juye, suna riƙe ta wajen gwiwa. Wanda ba shi da lema wandonsa ya jiƙe sharkaf, hularsa kuma a bushe. Ban yi mamaki ba. Na naɗe ƙafar wandona na bi sahu.

A mahaɗar hanya wani rago cikin kakin masu ba da hannu ya tare ni. Bai nemi takarda ba. Ya kara kunnensa a ƙirjina ya saurara, yana tuƙa a hankali, sannan ya ce zuciyata tana zubar da bugu ɗaya a kowane zagaye, kuma a garin nan ba a yawo da irin wannan a bainar jama'a. Ya nuna mini wani bene da ƙahonsa.

"Ofishin Daidaita Bugu," ya ce. "Ka hau ƙasa, hawa na uku."

Na hau ƙasa hawa uku.

Awaki ne ke aiki a ofishin. Wata akuya mai tabarau ta karɓi sunana ta rubuta a takarda, ta karanta sau biyu, ta cinye takardar. Ta ce haka suke adana bayanai, kuma tun da aka buɗe ofishin ba a taɓa ɓatar da fayil ba. Ta shigar da ni wurin shugabansu, wani bunsuru mai hedifon a kunne, wanda ya yi magana da muryar Injiniya Sabo. A gefen teburinsa akwai 'yar na'urar nan mai ƙas-ƙas da ake tsare lokacin kiɗa da ita, an ɗaure ta da igiya a ƙafar tebur, an ajiye mata dusa a gaba.

Ya karɓe ni da mutunci, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce ba don hukunci aka kira ni ba, gyara ne kawai, kuma gyara da tarihi ake farawa. Ya ja aljihun tebur ya fito da garejinmu a ninke, ya warware shi a ƙasa, muka shiga.

Garejin ne dai na bayan shagon mai faci, inda muka fara shekara uku da suka wuce. Ga warin taya, ga tsofaffin katifun da muka jingina a bango saboda maƙwabta, ga wayar wuta guda da muke rabawa mu uku. Tanimu da Bitrus suna ciki, ba su nuna sun ga bunsurun ba. Ni ma ina ciki a bayan ganguna, kuma ina tsaye a ƙofa ina kallon kaina. Ranar farko ce. Tanimu yana ƙirga takwas da ƙarfi, ni kuma duk zagaye sai in yar da na ƙarshe ba tare da na sani ba. A zahiri mako uku muka yi muna wannan faɗan, a mafarkin kuwa an gama shi kafin bunsurun ya gama sosa gemunsa. Na ga Tanimu ya jefar da hula ya ce in ba zan iya ƙirga takwas ba in koma firamare. Na ga Bitrus, wanda a coci ya koyi bes kuma bai iya ɗaga murya ba, ya ajiye kofin shayinsa.

"Ramin nan ba zai cike ba," ya ce. "Mu bar shi, mu gina ɗakin a gefensa."

Daga wannan maganar sautinmu ya fito. Tanimu ya zauna da biro ya auna shirun, ya ce rabin bugu ne. Wato in an raba kowane bugu biyu, zagayenmu goma sha biyar ne, na sauran duniya sha shida. Da ya ga akwai lissafi a ciki sai abin ya kama shi fiye da kowa, mutumin da jiya-jiya yake tura ni firamare. Ya daina kaɗa jita yadda kowa ke yi, ya koma taɓa wuyanta da yatsun hannu biyu, sautin yana fita siriri, tas, kamar ɗigar rufin kwano a cikin kwanoni daban-daban. Bitrus yana bi ta ƙasa da nauyi, yana juyawa a biyar ni ina juyawa a bakwai, sai mu rabu mu yi nisa da juna, can bayan zagaye da yawa mu sake haɗuwa. In muka haɗu a gurbin nan sai mu ɗauke hannu mu uku lokaci guda, garejin ya yi tsit har ka ji iska na fita daga tayar mai faci.

A mafarkin na ga sautin da idona. Shuɗi ne, yana fita daga lasifika yana taruwa a silin tare da ruwan da ke hawa. Bunsurun ya miƙa wuya ya lasa, ya ce da daɗi, gishiri ɗaya ya rage. Ya ninke garejin, sai ga mu a gidan biki.

Bikin ƙanwar Tanimu ne, wasanmu na farko a gaban jama'a. Abin da ya faru a zahiri shi ne mata suka fito rawa, suka taka bakwai, suka ɗaga ƙafa don na takwas, bai zo ba, aka yi ta tuntuɓe har wani ya je ya kashe mana janareto. A ranar ne gwaggon amarya, Gwaggo Tabawa, ta ce wannan ai kiɗan gurgun agogo ne, mu kuma da ba mu da suna muka ɗauka da godiya. Har yau Gurgun Agogo ake kiranmu. A mafarkin kuwa ba a tashi daga bikin ba. Matan suna nan tsaye a filin, kowace da ƙafa ɗaya a sama, shekara biyu ke nan. Ankon ya koɗe. Amarya ta haihu a tsaye har an yaye abin da ta haifa. Tsuntsaye sun yi sheƙa a ɗaurin ɗankwalin wasu.

Gwaggo Tabawa ta dube ni ba tare da fushi ba, kuma da ta yi fushin da ya fi mini sauƙi. Na durƙusa na gaishe ta.

"Ɗan nan," ta ce, "ba don kaina ba, akwai masu ciwon gwiwa a cikinmu. Yaushe za mu sauke?"

Kunya ta rufe ni, na miƙe na zagaya ta bayan rumfa.

A can na tarar da Tanimu zaune a kan lasifika. A gabansa akwai kujerun roba goma sha ɗaya, adadin mutanen da suka zo wasanmu na biyu a wani ɗakin taro, wasan da wani daga cikinsu ya ɗauka a waya har ya kai ga idon Sabo. Ba kowa a kan kujerun, amma suna tafi a hankali da hannayensu. Tanimu ya ce ya gaji da yi wa kujeru wasa. Ya ce shi ma yana son bakwai ɗin, ai shi ya auna shi, amma yana so wata rana mahaifiyarsa ta kunna rediyo ta ji shi, ta daina ce wa maƙwabta gyaran waya yake yi. Na san ba mafarki ne ya ƙirƙiro wannan ba, domin da bakinsa ya faɗa mini haka a kan babur ranar da muka baro wurin Sabo.

Muka koma ofis ba tare da mun yi tafiya ba. Bunsurun ya ce sun bincika, matsalar ba a hannuna take ba, daga tushe ta taho, kuma ofishinsu ba ya gyaran reshe. Ya buɗe wata langa ya fito da bugu na takwas, ya naɗe mini shi a takarda. Girmansa kamar ƙwai, da ɗumi, yana motsi kaɗan-kaɗan a tafin hannu.

"Ka kai wa mahaifinka," ya ce. "Ka ɗora masa a kafaɗa. In ta warke kai ma ka warke, matan can su sauke ƙafa."

Na ce masa Baba ya rasu. Ya ce ai shi ya sa ba zai yi wuyar samu ba, yanzu ba ya zuwa ko'ina.

Farin ciki ya kama ni, da nadama a cikinsa. Mutum ya yi shekara talatin yana aiki da ciwo, ni kuma na ɗauki ciwon na mai da shi kiɗa, har ina alfahari da shi a gaban mutane. Ko man zafi ban taɓa kai masa ba. Na riƙe ƙullin da hannu biyu na fita.

A tasha motar Kura ta cika, fasinjoji suka fito suka ɗauke ta a ka, direba na ciki yana riƙe da sitiyari. Kwandasta ya ce Kura ba nisa, bara ce kawai, in an wuce Sallah biyu an iso. Muka wuce babba, muka wuce ƙarama, muna tafiya da baya. Gonakin shinkafa na gefen hanya suna ƙanƙancewa suna komawa iri. Wata mata kusa da ni ta tambayi me na ƙulle haka, na ce magani ne. Ta ce Allah ya ba da lafiya, na ce amin.

Rumfar bugun da na sani a Kura mutum goma sha biyu take ɗauka. Wadda na tarar ta yi tsawo har ƙarshenta ya shige cikin gajimare. Masu bugu sun fi ɗari, biyu-biyu suna fuskantar juna a kan gungume, duk sun sunkuya, shuni ya rine musu fuska da hannu har ba ka bambanta wani da wani. A bakin rumfar kuma ramukan rini ne, inda suke tun ina ƙarami, sai dai sun yi faɗi, ruwan baba mai shuni yana tashi daga cikinsu zuwa sama ba ƙara.

Ban nemi Baba da ido ba. Na rufe ido na saurara. Sanduna ɗari suna tafiya takwas-takwas, can a tsakiya kuma ɗaya tana yin bakwai tana dakatawa. Na bi dakatawar nan har na tsaya a kansa. Yana nan da singiletinsa da ta sha shuni. A gabansa ƙaninsa ne, Baffa Nomau, abokin bugunsa na kullum, wanda yake raye har yanzu, amma mafarki bai damu da wannan ba.

Na durƙusa na ce, "Baba, sannu da aiki."

"Yawwa," ya ce.

Bai ƙara ba. Haka yake amsa mini da ransa, mutuwa ba ta canja shi ba. Na jira ya yi bakwai. A dakatawar ya ɗan ɗaga kai ya mayar, yadda na saba ganin yana yi in kafaɗar ta soke shi. Na warware takardar na ɗora masa bugun a kafaɗar dama, ya shige kamar man shanu a tuwo mai zafi. Baffa Nomau ya ajiye sandarsa ya dube ni, ya tambaye ni me na yi.

Baba ya ɗaga sanda. Ɗaya, biyu, har bakwai, sai takwas, sai ɗaya kuma. Bugun ya tafi sumul. Shaddar ta yi wani ƙyalli da ban taɓa gani ba. Daga nesa na ji ƙafafun mata sun sauka ƙasa lokaci guda, aka rangaɗa guɗa. Na ji rediyo a wani gida yana kiɗanmu, a cike, har ƙafata ta fara takawa ba da izinina ba. Ba zan ce bai yi daɗi ba.

Sai rumfar ta juya sau ɗaya ta tsaya. Na duba inda Baba yake, na ga mutum ya sunkuya yana bugu. Na duba gefensa, na ga wani irinsa, da wani bayan wannan. Na rufe ido na saurara, takwas ce ko'ina. Na bi layi ina cewa Baba, Baba, ba wanda ya ɗaga kai, domin mai bugun takwas ba shi da lokacin ɗaga kai, kafin wannan ta tashi waccan ta sauka. Tsoro ya shige ni irin wanda ban ji ba ko ranar da muka kai shi makwancinsa. Ran nan aƙalla na san inda muka ajiye shi.

Ina ja da baya ina dube-dube, ban ankara ba dugadugaina suka kai bakin ramin rini. Ƙasar da nake tsaye a kai ta fara zamewa cikin ramin a hankali, kamar ana jan tabarma. Baffa Nomau ya zo ya tsuguna kusa da ni, ya fito da goro ya ɓare, bai miƙo mini hannu ba. Ya tambaye ni ko na tuna wa ya ɗauki gungumen bugu shi kaɗai ranar da aka sauya wa rumfa rufi. Na ce Baba. Ya tambaye ni da wace kafaɗa. Na tuna, da ta dama ce. Ya tambaye ni ko na taɓa ganin an yi masa ƙaho ko an shafa masa wani abu. Ban taɓa gani ba.

"Kafaɗar Yaya lafiyarta ƙalau," ya ce. "Da mahaifiyarka ta rasu kana shekara biyu, ka ƙi kowa. Sai ya riƙa zuwa da kai nan yana ajiye ka a kan buhu. Ga ramuka a bakin ƙofa. Yana bugu yana ɗaga kai ya ga ko kana nan. Mutane suka fara yi masa dariya, wai Mati yana kallon ɗan fari. Sai ya ce kafaɗa ce."

Na ce to ai na girma. Ya ce shi ma ya faɗa masa haka. Ya ce na shiga makaranta, na tafi Kano, buhun ma ya ruɓe an zubar, amma duk bugu bakwai sai Yaya ya dubi wurin.

Ban yi kuka ba a lokacin, ƙasa na ta zamewa kuma ba ni da hannun share ido. Na tambayi Baffa yadda ake ciro bugun daga kafaɗa. Ya ce bai sani ba, shi mai bugu ne, ba wanzami ba. Ya tashi ya koma cikin layi, shuni ya rufe shi kamar sauran.

Sandunan gangata kaɗai ne a hannuna. Akwai wani tsohon baho a kife a bakin ramin. Na zauna a gabansa na fara: bakwai, shiru. Sanduna ɗari suka cike shirun da takwas ɗinsu. Na sake, suka sake cikewa. Sai na ji bes a bayana. Bitrus ne, ya soka wayarsa cikin laka, ya sunkuyar da kai yadda yake yi a coci. Can sai ga Tanimu yana saukowa daga sama a kan lasifikarsa, yana ratsa ruwan da ke hawa. Ya tsaya yana kallona. Rediyon nan na nesa yana ta yi. Ya juya kunne ya saurare shi, ya daɗe yana saurara, sannan ya ɗora yatsu a wuyan jita.

"Sha biyar," ya ce. "Ƙirga mana."

Muka buga. A zahiri ba mu taɓa bugawa haka ba, ko a ranakun da wuta ta zauna kuma ba wanda ya zo da yunwa. Duk zagaye muna ɗauke hannu, sanduna ɗari suna faɗawa cikin shirunmu. Ban san sau nawa muka yi ba, na dai ga Sallah ta wuce ta gefenmu sau ɗaya. Ƙasa ta zame har ƙuguna ya shiga ruwan baba, mai sanyi, bahon yana iyo a gabana ina binsa da sanda. Rediyon ya yi ƙasa-ƙasa ya mutu. Na ga abin a fuskar Tanimu, na ji tausayinsa har cikin raina, amma yatsunsa ba su tsaya ba.

Sai a wani zagaye, can a tsakiyar rumfar, sanda ɗaya ta tsaya a sama. Wani abu ya gangaro daga wata kafaɗa, ya bi ƙasa yana mirginawa, ya wuce ta gefena ya faɗa rami. Kai ɗaya ya ɗago cikin kawuna ɗari. Bai dubi kafaɗarsa ba, bai dubi shaddar ba. Inda nake ya duba kai tsaye, ba lalube. Na ga idon da kyau, abin da ban yi ba shekara talatin, saboda kafaɗar nake kallo. Ya ɗan saci kallon hagu da dama ko mutane na ganinsa.

"Kai," ya ce, "matsa daga bakin ramin nan."

Ya mayar da kai ya ci gaba da aiki. Ƙasa ta daina zamewa. Na fito jiƙe da shuni, na matsa, na je na zauna a inda buhun yake a da. Na ƙirga bakwai, ya ɗago. Na sake ƙirga bakwai, ya sake ɗagowa. A nan ne na yi kukan.

Akuya mai tabarau ta zo da takarda ta tsaya a kaina, ta tambayi me za ta rubuta a fayil ɗina, an gyaru ko ba a gyaru ba. Na tambaye ta labarin matan biki. Ta ce sun sake ɗaga ƙafa, kuma Gwaggo Tabawa tana gaishe ni. Wannan ya yi mini nauyi, har yanzu ma bai sauka ba. Na ce ta rubuta ba a gyaru ba. Ta rubuta, ta karanta sau biyu, ta cinye.

Baba ya ɗaga sanda, amma da ta sauka ba ƙarar itace ta yi ba, ƙarar ƙarfe ta yi. Na buɗe ido. Gari ya waye, rana ta shigo ta taga, matashina a jiƙe. Tanimu ne a waje yana ƙwanƙwasa ƙofar ɗakina da makullin babur, yana cewa in tashi Sabo na jira, me na yanke. Ya sake fara ƙwanƙwasawa. Na kwanta ina ƙirgawa. Ya buga biyar, shida, bakwai. Kafin ya sauke na takwas na ɗaga kai daga matashi.

"Tsaya haka, Tanimu," na ce. "Bakwai za mu buga."